Ranar Hutu A Cikin Tafiyar Hutu

 

A wannan mako filin namu zai juya ga wani al'amari wanda mai yiwuwa wasu su ɗauke shi ƙarami, alhali kuwa a cikinsa akwai haƙƙin jiki, da haƙƙin iyali, da haƙƙin dukiya, har ma da haƙƙin salla. Watau al'amarin magidancin da Allah Ya hore masa, ya ɗebi iyalinsa ya tafi da su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko Dubai ko Abu Dhabi, domin yara su ga manyan wuraren wasannin nan da suke jin labari. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin wannan hanya, domin can suke sarin zinariya da yadi da turare da wayoyin hannu. Akwai kuma ma'aikacin gwamnati wanda ya yi shekaru yana tsimi daga albashinsa domin ya cika wa 'ya'yansa wannan alkawari sau ɗaya a rayuwa. Ga waɗannan duka muke magana, kuma mas'alar ita ce: ranar da ba a shiga wurin wasa ba, me ya kamata a yi da ita?

Kafin mu amsa, lalle ne mu fara tabbatar da cewa ranar ta wajaba a keɓe ta, domin da yawa ba su yarda da haka ba.

Wanda bai je ba ya sani cewa waɗannan wurare sun wuce filin lilo irin na bikin salla. A tsibirin Yas da ke Abu Dhabi kaɗai akwai manya guda huɗu: Ferrari World da aka buɗe a 2010, da Yas Waterworld a 2013, da Warner Bros. World a 2018, da SeaWorld a 2023. A Dubai akwai IMG Worlds of Adventure, da Motiongate, da Legoland, dukansu an buɗe su a 2016. Kowane ɗaya daga cikinsu yini guda yake ci cur. Ana tafiya a ƙasa mai nisa, ana tsayuwa a layi, ga ƙara mai cika kunne, ga fitilu masu walƙiya, ga na'urorin da ke jujjuya mutum kamar majaujawa. A Ferrari World akwai wani jirgin lilo mai suna Formula Rossa wanda ke kai gudun kilomita 240 a sa'a cikin abin da bai cika daƙiƙa 5 ba. To, jikin da aka yi wa irin wannan yau, aka sake yi masa gobe, lalle jibi zai nemi haƙƙinsa, ko an ba shi ko ya ƙwata.

Daɗin daɗawa, agogon ƙasar yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a 3. Sa'ad da ka ta da yaro ƙarfe 7 na safe a Abu Dhabi, jikinsa yana gaya masa ƙarfe 4 ne na dare a Kano ko Maraɗi. Ga kuma zafi. Dogon hutun makarantunmu yakan faɗo a Yuli da Agusta, lokacin da zafin can yake haura digiri 40, tare da gumi mai nauyi na bakin teku. Ya ishe mu hujja cewa hukumar ƙasar da kanta tana hana leburori aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa ƙarfe 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba na kowace shekara. Idan an tausaya wa ƙaƙƙarfan lebura, yaya ɗan shekara shida, yaya kuma matar da ke goyo?

Amma sai ka ji magidanci ya ce, ai kuɗi na biya, kuɗin jirgi da na masauki ba kaɗan ba ne, saboda haka kowace rana sai an ci moriyarta. Ya kai ɗan'uwa ɗan kasuwa, da lissafinka za mu amsa maka. Kuɗin jirgi da na masauki sun riga sun fita, ko ka shiga wurin wasa ko ka kwana a ɗaki ba za su dawo ba. Ribar da ka fito nema ita ce farin cikin iyalinka. Ranar da ka sayi tikitin mutum shida, sa'an nan ƙaramin ya yini yana kuka, babban yana ciwon kai, uwarsu ta yi shiru irin shirun da ka sani, kai kuma kana yi wa kowa tsawa, wannan ranar ita ce asara, an tafi neman ƙiba an samo rama. Tikitin da ke haɗa wurare biyu ko uku yawanci yakan ba da wa'adin 'yan kwanaki, ba a sharɗanta sai an shiga a jere ba. A karanta sharaɗin kafin a saya.

Ma'aunin da muke gani ya dace shi ne kada a wuce kwana biyu a jere ana wasa ba tare da an tsaya yini ɗaya ba. Alal misali, wanda ya sauka ranar Lahadi zai yi mako guda, sai ya bar ranar saukarsa ga barci, ya shiga wasa Litinin da Talata, ya huta Laraba, ya koma Alhamis, ya huta Jumma'a. Asabar kuwa in akwai sauran ƙarfi a yi na ƙarshe, in babu a yi tsaraba a ɗaure kaya. Wannan tsari yana da wata fa'ida kuma. Tun watan Janairun 2022 ƙasar ta mai da hutun makonta Asabar da Lahadi, Jumma'a kuwa rabin yini ake aiki a ofisoshin gwamnati, sai dai masarautar Sharja wadda take hutun Jumma'a sukutum. Saboda haka cunkoson wuraren wasa ya fi tsanani a ƙarshen mako, tsakiyar mako kuwa layi ya fi sauƙi.

Dalilin da ya sa muka zaɓi Jumma'a ya wuce maganar cunkoso. Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya bar garinsu matafiyi ne har ya dawo, yana ƙasaru, kuma Jumma'a ta faɗi a kansa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari, ko gwargwadon salloli 20, to, hukuncin tafiya ya yanke a kansa, sai ya cika salla. Malaman mazhabar kuma sun bayyana cewa irin wannan baƙo, muddin namiji ne baligi mai lafiya, kuma ana tsai da Jumma'a a garin, to, halartarta ta hau kansa. Mai zaman mako guda a masauki ɗaya ya shiga wannan hukunci. Yaya ke nan zai kasance ladan yana kira shi kuma yana tsaye a layin lilo? Lokacin huɗuba hukumar addini ce ke tsai da shi, saboda haka a tambayi ma'aikatan masauki tun daren Alhamis, kada a yi ƙiyasi da lokacin masallacin unguwa na gida. Amma wanda ya sauka a Dubai, ya ɗauki mota zuwa Abu Dhabi, tafiyar ta haura kilomita 100, ta wuce mil 48 da aka iyakance domin ƙasaru, saboda haka yana da sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi a wannan fita.

To, yanzu ga ranar ta zo. Me za a yi da ita?

Abu na farko shi ne a bar jiki ya huta hutu na gaskiya. Bayan sallar Asuba a bar yara su koma barci har su tashi don kansu. Kada a sa agogo, kada a ce ana jiran mota. Da rana kuma a yi ƙailula, wadda sunna ce da muka yi sakaci da ita a gida, ga shi Allah Ya kawo damarta. A duba ƙafafun yara ko takalmi ya ji musu ciwo, a duba fatarsu, a tabbata suna shan ruwa isasshe, domin fita daga sanyin na'ura zuwa zafi da komawa yakan kawo bushewar maƙogwaro. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari ya waiwayi maganinsa, zama sauyin agogo yakan rikita lokacin sha. A ci dafaffen abinci a zaune, a natse, maimakon soye-soye da kayan zaƙin da aka yi kwana biyu ana ci a tsaye. Malamai sun ruwaito ƙissar Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, inda Salmanu ya tarar da shi ya gajiyar da kansa da azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da rabonsa a kansa, Manzon Allah kuma ya gaskata Salmanu. Idan an hana mutum ya gallaza wa jikinsa saboda nafila, ina ga wanda ya gallaza masa saboda wasa?

Abu na biyu, wanda maza suka fi mantawa, shi ne hutun uwargida. Sau da yawa ranar da ake kira ta hutu ita ce ranar da aikinta ya fi yawa. Ita ce mai wanki, ita ce mai shirya jaka, in masaukin mai ɗakin girki ne kuma ita ce mai tuƙa tuwon da maigida ya ce ya yi marmari. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira hutun jaki da kaya a ka. Ya tabbata daga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah yakan taimaki iyalinsa da aikin gida. A garinku kana da uzurin kasuwa ko ofis, a nan kuwa ba ka da shi. Ka kai wankin ga masu wanki ko ka sa hannu, ka sayo abinci, ka ɗebe yaran na sa'a biyu ko uku ka bar ta ta yi barcin da ta yi shekaru ba ta samu ba. Wannan zai fi zama a zuciyarta bisa ga duk abin da za ka saya mata a kanti.

Abu na uku shi ne hisabi, kuma iri biyu ne. Na ɗaya hisabin salla. Wuraren wasanni da manyan kantunan ƙasar suna da ɗakunan salla na maza da na mata, saboda haka uzuri kaɗan ne. Duk da haka magidanci ya tambayi kansa da manyan 'ya'yansa, shin Azahar da La'asar na jiya da shekaranjiya an yi su a kan lokaci? In akwai wadda ta kuɓuce a rama ta nan take, sa'an nan a tsara gobe ta yadda layi ba zai cinye lokaci ba. Na biyu hisabin aljihu. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, kimanin dirhami 3.67 a dala 1, saboda haka duk ɗan abin da aka saya a can da tsadar dala aka saye shi. A ɗauki takarda a rubuta abin da ya fita da abin da ya rage. Wanda ya ga rabin tafiya ya ci kashi biyu cikin uku na guzurinsa, to, ya soke wuri ɗaya, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a dawo gida da hotuna a waya, kuɗin makarantar yara kuwa sai an ci bashi.

Abu na huɗu shi ne fita guda ɗaya tak, mai sauƙi, mai arha, wadda za ta ƙara wa yara sani. Mun ce guda ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk wanda ya jera wurare uku a ranar hutu ya sake buɗe wata wahalar ce da sabon suna. Ga waɗansu da za a zaɓa daga ciki.

Wanda ya sauka a Abu Dhabi, ga Masallacin Shaihu Zayid, ƙasa da rabin sa'a a mota daga tsibirin Yas. An buɗe shi a 2007, yana da ƙubbobi 82 da hasumiya 4, yana ɗaukar masallata fiye da 40,000, kuma shimfiɗar babban zaurensa da hannu aka saƙa ta a ƙasar Iran. Shaihu Zayid, wanda ya jagoranci kafa daular a 1971, ya rasu a 2004, kabarinsa yana gefen masallacin. Ba a biyan kuɗin shiga. Wanda ya kai yaransa Jumma'a a can, ko ya je gab da Magariba sa'ad da rana ta yi sanyi, ya haɗa ibada da buɗe ido a tafiya ɗaya.

Wanda yake Dubai, ya gangara bakin mashigin tekun da ya raba Deira da Bur Dubai, ya shiga ƙaramin jirgin katakon nan da suke kira abra, wanda shekara da shekaru dirhami 1 ake biya a ƙetare da shi. A ɗaya gaɓar akwai tsohuwar unguwar Al Fahidi, mai ƙananan lunguna da gidaje masu doguwar hasumiyar iska, wadda take jawo iska daga sama ta sanyaya ɗaki tun ba a san lantarki ba. A nan uba zai gaya wa 'ya'yansa cewa wannan birni mai dogayen benaye a dā garin masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u, kuma kasuwar lu'ulu'un ta rushe a shekarun 1930 sa'ad da Japan ta fito da wanda ake renonsa a cikin kawa, mutane suka shiga matsi mai tsanani, ba a kuwa sami man fetur a Dubai ba sai 1966. Ɗan ɗan kasuwa yana bukatar wannan darasi, cewa hajar da ta ɗaukaka gari tana iya faɗuwa, kuma mutanen da suka riƙe fatauci da haƙuri sukan sake miƙewa.

Akwai kuma Lambun Alƙur'ani a unguwar Al Khawaneej, wanda aka buɗe a 2019, inda aka shuka itatuwa da tsirran da aka ambata a cikin Alƙur'ani da Sunna, irin su zaitun da ɓaure da rumman. Shiga lambun kyauta ne, sai waɗansu sassa da ake biyan ɗan kuɗi kaɗan. Yaron da ya haddace sunan zaitun a allo bai taɓa ganin bishiyarsa ba, to, gani ya kori ji. Amma wannan wurin na yamma ne liƙis, ko na watannin sanyi. Idan zafi ya hana, ga Ɗakin Karatu na Muhammadu bin Rashid a Al Jaddaf, wanda aka buɗe a 2022, an gina shi da siffar katakon nan mai naɗewa da ake ɗora Alƙur'ani a kai, kuma yana da sashe na yara.

A Sharja kuma akwai Gidan Tarihin Wayewar Musulunci, wanda aka buɗe a 2008, mai ɗauke da kayayyaki fiye da 5,000, har da tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani, da yankunan rigar Ka'aba, da sashen kimiyya mai sunan Ibnul Haisam, inda ake nuna na'urorin da malaman Musulmi suka yi amfani da su wajen auna taurari da sanin lokaci. Wanda zai je daga Dubai a ranar aiki ya tafi da hantsi, domin da yamma hanyar takan cushe da ma'aikatan da ke komawa gida Sharja.

Yanzu sai tarkon da ke jiran kowane ɓangare na masu karatunmu. Tarkon ɗan kasuwa shi ne Deira. Da ya ga yau ba wasa, sai zuciya ta raya masa cewa bari ya ɗan leƙa kasuwa ya ji farashi. Daga jin farashi sai ciniki, daga ciniki sai neman mai aika kaya, ba zai dawo ba sai bayan Lisha, iyali kuwa suna ɗaki suna kallon bango. Ko kuma ya ja su gaba ɗaya, yara suna tsaye a ƙofar shago yana taya kaya. Neman halal ibada ne, ba mu hana ba. Amma wanda yake da sari ya keɓe masa ranarsa dabam, ya gaya wa iyalinsa tun daga gida, kada ya ci ranar da ya riga ya ba su. Alkawari ga yaro alkawari ne. Tarkon ma'aikaci kuwa waya ce. Ya ɗauki izinin hutu a takarda, amma yana zaune a gefen gado yana amsa saƙon ofis har dare. A keɓe wa waya rabin sa'a, a kira iyaye da dangi a gaishe su, sa'an nan a ajiye ta. A kuma yi hattara da yawan watsa hotuna, domin a cikin masu gani akwai maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba, kuma ni'ima ta fi daɗewa a wurin da aka suturta ta.

Tarkon da ya haɗa kowa shi ne manyan kantuna. Dubai Mall kaɗai yana da shaguna fiye da 1,200, tafiyar da ake yi a cikinsa ba ta gaza ta wurin wasa ba, kashe kuɗin kuwa ya fi. In kuwa lalle sai an shiga kanti saboda sanyi, to, a zaɓi wanda aka sa wa sunan Ibn Baɗuɗa, wanda jirgin ƙasa na cikin gari yake tsayawa a kusa da shi. An raba shi sassa 6 da sunayen ƙasashen da wannan matafiyi ya ratsa, watau Sin da Hindu da Farisa da Masar da Tunis da Andalus, kuma a sashen Hindu akwai kwatancin agogon giwa na Al-Jazari, injiniyan da ya rubuta littafinsa na na'urori a 1206. A gaya wa yara cewa wannan Ibn Baɗuɗa ya zo ƙasar Mali a 1352, ya bi ta Takedda a cikin Nijar ta yau a 1353, har ya ambaci Gobir da Barno a cikin labarin tafiyarsa. Sai su san cewa ƙasarsu ma tana cikin taswirar masana tun fiye da shekara 600.

Daga ƙarshe, a rufe ranar da hira. Bayan Lisha a zauna wuri ɗaya, a tambayi kowane yaro abin da ya fi burge shi da abin da ya ba shi tsoro. A nan ne uba zai rarrabe musu gaskiya da ƙage, ya bayyana musu cewa dodannin nan da jaruman da ke tashi sama mutane ne a cikin riga, ko kuwa hoto ne da dabarar haske, kuma jirgin da ya cilla su aikin lissafi ne da ƙarfe wanda ɗan Adam ya koya a makaranta, su ma in sun yi karatu za su iya. A cikin hayaniyar wurin wasa ba a jin irin wannan magana, a gida kuma kasuwa da ofis ba su bari a yi ta. Sau da yawa wannan sa'a guda ita ce mafi tsada a cikin tafiyar duka, ga shi kuwa ba a sayar da tikitinta.

Allah Ya sa mu iya riƙon amanar da Ya ba mu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, wanda bai samu ikon zuwa ba kuma Allah Ya sanya masa albarka a cikin abin da yake da shi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.